Malam Aminu Kano (1920-1983): malamin da ya so talaka ya mallaki hankalin kansa

Jama'a masu karatu, duk wanda ya tashi a Sassumbrum, ko Magarya, ko Dungas, ya san Kano ba nesa take ba. Turawan Faransa da na Ingila ne suka shata iyaka tsakaninmu da Daura da Kazaure da Kano, amma harshe ɗaya ne, kasuwa ɗaya ce, kuma auratayya ba ta taɓa yankewa ba. Saboda haka labarin da ya tashi a Kano ba ya daɗewa bai iso ƙauyukanmu ba, a bakin fatake, da ƴan cin rani, da almajirai. Cikin sunayen da suka ƙetaro iyakar nan ta wannan hanya, akwai sunan Malam Aminu Kano, wanda ya rasu ranar 17 ga watan Afrilu na shekara ta 1983. Mutane da yawa sun san shi da siyasa. Mu kuwa yau za mu dube shi a matsayinsa na malami, domin darasi guda ya yi ta koyarwa tun yana saurayi har ya koma ga Mahaliccinsa, watau talaka mutum ne baligi, yana da hankalin da zai auna al'amuransa da kansa.

Mene ne wayewar kai?

Hausawa sukan ce yaro ya mallaki hankalin kansa idan ya kai lokacin da zai rarrabe abin da zai amfane shi da abin da zai cuce shi, ba sai an riƙe masa hannu ba. To, akwai mai furfura wanda har yanzu bai kai wannan matsayi ba, domin wani ne ke karanta masa takarda, wani ne ke yi masa lissafi, wani ne kuma ke gaya masa abin da zai so da abin da zai ƙi.

Masana sun daɗe suna nazarin wannan al'amari. A watan Disamba na shekara ta 1784, wani malamin falsafa Bajamushe mai suna Imanuwel Kant ya buga wata ƴar gajerar maƙala a wata mujallar birnin Barlin, yana amsa tambayar ko mene ne wayewar kai. Shi Kant ɗan baduku ne mai ɗinkin kayan doki. An haife shi a 1724 a birnin Konisbag, wanda yau ake kira Kaliningirad a ƙasar Rasha, kuma a can ya rasu a 1804. A ganinsa, wayewar kai ita ce mutum ya fita daga ƙuruciyar da ya jawo wa kansa, ya iya aiki da hankalinsa ba tare da ɗan jagora ba. Ya nuna cewa abin da ke tsare yawancin mutane cikin wannan ƙuruciya lalaci ne da tsoro, ba ƙarancin basira ba. Zama yaro yana da daɗi, gama wani ne ke ɗaukar wahalar tunani. Su kuma masu riƙon jama'a sukan tsorata ta, kamar yadda ake hana yaro tashi tsaye don kada ya faɗi, alhali da faɗuwa ake koyon tafiya.

Kant ya kawo wata magana kuma wadda ta shafi ma'aikata. A bakin aikinsa, ma'aikaci zai bi umurni, mai biyan haraji kuma zai biya harajinsa, in ba haka ba ƙasa ba za ta zauna ba. Amma kowanensu yana da haƙƙin ya fito fili a gaban jama'a, ya bayyana da hujja inda ya ga kuskure. Idan kuwa aikin ya kai inda zuciyar mutum ba za ta iya ɗauka ba, abin da ya kamace shi shi ne ya ajiye aikin. Mai karatu ya riƙe wannan magana, domin za mu same ta a rayuwar Malam Aminu.

Asalinsa da karatunsa

An haifi Aminu ranar 9 ga watan Agusta na shekara ta 1920, a unguwar Sudawa cikin birnin Kano. Mahaifinsa, Malam Yusufu, masanin shari'a ne, ya yi aikin mufti a kotun alƙali. Zuriyarsu ta Fulani Genawa ta shahara da alƙalai da malamai. A hannun mata ya fara karatun Alƙur'ani, watau mahaifiyarsa Rakiya da kakarsa, kuma wannan bai fita daga ransa ba, domin tun yana ƙarami ya ga mace mai ilmi da idonsa.

Yana da shekara goma aka sa shi lakwal a Shahuci. Daga nan ya wuce makarantar Midil ta Kano, sa'an nan kwalejin Kaduna, inda ya yi karatu daga 1937 zuwa 1942, ya fito da takardar malanta. A zamanin nan ƴan boko a arewacin Najeriya ba su da yawa, kuma hanya a buɗe take gare su: aikin En'e, albashi, doki, har ma sarauta in an yi ladabi. En'e ita ce hukumar gargajiya wadda Turawan Ingila suka bar wa sarakuna, da kotunanta, da kurkukunta, da ƴan dokanta, da baitulmalinta. Ta hannunta ake karɓar haraji da jangali. Talaka ba ya tambayar inda kuɗinsa ke zuwa. In ya zo gaban mai sarauta sai ya tuɓe takalmi ya faɗi ya yi gaisuwa, abin da aka yanke masa kuma shi ke nan.

Aminu ya tashi a gidan da ake ganin yadda shari'a ke gudana, ya ga inda ake bin gaskiya da inda ake karkata ta saboda manya. Tun yana ɗalibi ya fara rubuta wasannin kwaikwayo da Hausa, yana nuna halin azzalumai da maha'inta ta hanyar ban dariya, don wanda bai iya karatu ba shi ma ya gani ya gane.

Zaman Bauci

A 1942 aka tura shi koyarwa makarantar Midil ta Bauci. A can ya tarar da Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda daga baya ya zama firayim ministan Najeriya, ya kuma ƙulla abota da Malam Sa'adu Zungur, masani, mawaƙi, mai kaifin harshe. Sa'adu ya girme shi, kuma ya zame masa malami a fagen siyasa. Su da waɗansu ma'aikata suka shiga wani zauren tattaunawa, inda malaman makaranta, da ma'aikatan En'e, da Turawan mulki suke zama su yi muhawara a kan al'amuran ƙasa. Aminu ne magatakardan zauren.

Abin da ya sa wannan zaure ya shiga tarihi shi ne irin tambayoyin da aka yi a cikinsa. An tattauna a kan ko mulki ta hannun sarakuna yana da amfani ga jama'a. An kai har ga tambayar yadda ake ƙayyade albashin sarki. A wancan lokaci irin wannan tambaya rashin kunya ce babba. Ba a daɗe ba hukuma ta rufe zauren. Amma an riga an ga abin da ba a saba gani ba: ƙaramin ma'aikaci ya yi tambaya cikin ladabi a gaban manya, ya nemi a ba shi dalili.

A 1946 ya sami tallafin ƙaro ilmi a sashen horar da malamai na jami'ar Landan, ya yi shekara guda. Ya ga ƙasar da leburori ke da ƙungiyoyi, suke zaɓen wakilansu, suke sukar gwamnati a jarida ba a kama su ba. Ya kuma bi labarin Mahatma Gandi na ƙasar Indiya, wanda ya yi jayayya da mulkin Ingila ba tare da makami ba. Da ya komo gida, a 1948 ya jagoranci kafa ƙungiyar malaman makaranta ta Arewa, domin malamai su sami bakin magana a kan albashinsu da tsarin koyarwa.

Daga aikin gwamnati zuwa Sawaba

Hukuma ta ga wannan saurayi yana neman zame mata ƙarfen ƙafa, sai aka ɗauke shi daga Bauci aka kai shi Maru, cikin lardin Sakkwato, ya shugabanci makarantar horar da malamai. Girma ne a ido, amma nesanta shi aka yi daga abokan shawararsa. A can ma bai yi shiru ba. Ya ci gaba da aikinsa na koyarwa yadda ya kamata, yana kuma faɗin abin da ya gani na zalunci. Sa'ad da ya tabbata cewa ba zai iya haɗa albashin gwamnati da faɗin gaskiya ba, sai ya zaɓi ɗaya. A ƙarshen shekara ta 1950 ya ajiye aiki, yana da shekara talatin, ba shi da gona, ba shi da jari.

A wannan shekara, ranar 8 ga watan Agusta, waɗansu samari takwas suka kafa jam'iyyar NEPU a Kano, wadda jama'a suka fi sani da Jam'iyyar Neman Sawaba. Aminu ya shige ta, kuma a 1953 ya zama shugabanta. Ƴaƴanta yawancinsu teloli ne, da ƴan koli, da mahauta, da masu sana'ar hannu, da ƙananan malamai, da manoma. Kalmar sawaba ta zaga ƙasar Hausa duka. A nan Nijar ma da ita aka san jam'iyyar Jibo Bakari, wadda ta nemi a ƙi tayin Faransa a ƙuri'ar raba gardama ta 28 ga watan Satumba na 1958, aka kuma haramta ta a 1959. Jam'iyyun biyu kowace da tarihinta, amma kalmar da suka ɗauka ta nuna abin da talakan wancan zamani ke ƙishirwa.

Rijiyar da Malam Aminu ya fi ɗiban ruwa a cikinta ta gida ce. Ya san littattafan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a Marata ta ƙasar Gobir a 1754, da na ƙanensa Abdullahi. Shehu ya yi wa'azi da Hausa da Fulatanci don kowa ya fahimta, ya soki haraji na zalunci, ya kuma zargi mazajen da ke barin matansu da ƴaƴansu mata cikin jahilci. Ƴarsa Nana Asma'u ta tsara ƴan taru, mata masu kai karatu ƙauyuka. Malam Aminu ya ɗauki wannan mudu ya auna sarakunan zamaninsa da shi. Wannan ya sa maganarsa ta yi nauyi, domin ba a iya cewa baƙon ra'ayi ya kwaso daga Turai. Da ma'aunin kakanninsu ya auna su.

Makarantarsa ita ce dandalin taro, da kasuwa, da zauren gidansa. Yakan bayyana wa mutane abin da doka ta ce a kan haraji, da abin da ba ta ce ba. Yakan nuna musu cewa aikin tilas a gonar mai sarauta ba wajibi ba ne, kuma wanda aka yi wa hukuncin zalunci yana iya ɗaukaka ƙara. Ya taimaka wajen buɗa makarantun Islamiyya na sabon tsari a Kano, inda yara maza da mata ke koyon Larabci su fahimci ma'anar abin da suke karantawa. Yakan kuma yi tafsiri da watan azumi. Duk hanyoyin nan wuri guda suka nufa: mutum ya san dalilin abin da yake bi.

Kuɗin da aka biya

Wannan koyarwa ba a same ta a banza ba. A zaɓen 1951, NEPU ta yi rinjaye a matakin farko cikin birnin Kano, amma zaɓen hawa-hawa ne, kuma En'e tana da ikon cusa mutanenta a matakin sama. Da aka kai ƙarshe, jam'iyyar ba ta sami kujera ko ɗaya ba daga Kano. Ƴaƴanta da yawa sun sha ɗauri da bulala a kotunan alƙalai, waɗansu saboda sun yi taro ba izini, waɗansu saboda sun ƙi tuɓe takalmi su faɗi gaban hakimi. An kori waɗansu daga garuruwansu, an hana waɗansu rumfa a kasuwa. Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya, shugabar matan jam'iyyar, ta shiga kurkuku sau da dama. Duk da haka Malam Aminu bai kira mutanensa su ɗauki makami ba. Ya dogara ga abin da Hausawa ke cewa, sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi.

Shi kansa ya faɗi zaɓe a 1954 da 1956, sai a 1959 ya ci kujerar Kano ta Gabas a majalisar tarayya, ya kuma rasa ta a 1964. Bayan juyin mulkin soja, gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta naɗa shi kwamishinan sadarwa na tarayya a 1967, sa'an nan na kiwon lafiya daga 1971 zuwa 1974. Ya riƙe manyan ma'aikatu shekara bakwai, ya fito bai tara dukiya ba. Ko abokan hamayyarsa sun shaide shi a kan wannan.

Batun mata yana cikin abin da ya fi jawo masa suka. Ya nace cewa mace ta yi karatu, ta jefa ƙuri'a, ta kuma tsaya a zaɓe ta. A Nijar, dokar 1956 ta ba kowane baligi, namiji da mace, ikon zaɓe. A arewacin Najeriya kuwa mata ba su sami wannan haƙƙi ba sai a 1976. A ganin Malam Aminu, al'ummar da ta ɗauki rabin mutanenta a matsayin yara har abada, ita kanta ba ta balaga ba.

Gwaji na ƙarshe

A 1978 ya kafa jam'iyyar PRP. A zaɓen shugaban ƙasa na 1979 ya sami ƙuri'a fiye da miliyan ɗaya da dubu ɗari bakwai, ya zo na huɗu cikin ƴan takara biyar, Alhaji Shehu Shagari ne ya ci. Amma jam'iyyarsa ta kafa gwamnati a jaha biyu: Abubakar Rimi a Kano, Balarabe Musa a Kaduna. Gwamnonin nan suka soke haraji da jangali, abin da aka yi kusan shekara talatin ana nema. A 1980 kuma jahar Kano ta kafa hukuma ta musamman domin yaƙi da jahilci tsakanin manya.

Sai dai a nan ne gwaji mafi wuya ya same shi. Saɓani ya shiga tsakaninsa da gwamnonin biyu a kan yadda za a yi hulɗa da sauran jam'iyyu, har PRP ta rabu gida biyu, ƴan taɓo suna tare da Malam, ƴan santsi suna tare da gwamnoni. Waɗanda ya koya wa tambaya sai ga shi sun juyo da tambayar kansa. An kori gwamnonin daga jam'iyya, aka yi ta jifan juna da maganganu masu zafi. Cikin magoya bayansa kuma akwai masu bin sa ido rufe, duk abin da Malam ya faɗa ya zauna. Kant ya riga ya hango irin wannan haɗari, domin ya yi gargaɗi cewa ana iya kawar da azzalumi a yini guda, amma gyaran tunanin jama'a sai a hankali, kuma sabon abin bi yana iya maye gurbin tsohon. Har yau masana tarihi suna muhawara a kan wanda ke da gaskiya a rikicin nan. Abin da ba a musu a kansa shi ne, mutanen da ke jayayyar, ta kowane ɓangare, yawancinsu a makarantarsa suka koyi buɗa baki.

Yana shirin sake tsayawa takara a 1983, ya kuma zaɓi mace, Bola Ogunbo, ta zama mataimakiyarsa, sai ajali ya riske shi yana da shekara sittin da biyu. An binne shi a gidansa na Gwammaja, wanda ake kira Mambayya, yau kuma cibiyar nazarin dimokuraɗiyya ce ta jami'ar Bayero. Filin jirgin saman Kano da babban asibitin koyarwa na birnin suna ɗauke da sunansa.

Abin da ya rage gare mu

Dattawan ƙasar Magarya sun tuna zamanin cinikin gyaɗa, lokacin da manomi zai kawo buhunansa, a ɗora a sikeli, a faɗa masa nauyi, ya karɓi abin da aka ba shi domin bai san lamba ba. Sun kuma tuna yadda a shekarun 1960, a kasuwannin ƙungiyoyin haɗin kai na jahohin Damagaram da Maraɗi, manoman da suka shiga ajin yaƙi da jahilci suka fara karɓar aikin awo da rubutu da hannunsu. Ranar da manomi ya dubi sikeli ya karanta nauyin gyaɗarsa da kansa, ranar ya taka matakin farko na abin da Malam Aminu ya ƙare rayuwarsa yana kira a kai.

Kai da ka sami takardar yaƙi da jahilci, ka sani karatu mabuɗi ne kawai. Idan ka iya haɗa baƙi amma duk abin da ka gani a rubuce ka gaskata, ko duk abin da ka ji a rediyo ko a wayar salula ka ɗauka ba bincike, to, ɗan jagora ka sake, ba ka rabu da shi ba. Karanta takarda kafin ka sa hannu. Nemi rasit in ka biya kuɗi. Tambayi dalili cikin ladabi, gama matambayi ba ya ɓata. Ka bar matarka da ƴarka su ma su koya, kada ka zame musu irin abin da ka tsere wa.

Kai kuma ma'aikaci, wanda hukuma ta damƙa wa hatimi da teburi, ka tuna cewa mutumin da ya zo gabanka da tambaya ba raini ya kawo ba. Bayyana masa doka da harshen da yake ji. Talakan da ya san dalilin doka ya fi riƙe ta da gaskiya bisa ga wanda tsoro ya sa ya bi. In kuma ka ga kuskure a cikin aikin da aka ba ka, ka bi hanyar da ta dace ka faɗa, kamar yadda ƙaramin malamin nan na Bauci ya yi a gaban manyansa.

Allah ya jiƙan Malam Aminu, ya ba mu ikon amfani da hankalin da ya hore mana.